Baba ƙarami ya ce oksijen na kashe huhu, mu cire ma tsoho ko mu bari?

Saƙon wanga sati daga Tahoua ya hito, wata ɗiya ce ta rubuto, na ɗan rage shi don ya yi tsawo:

"Assalamu alaikum Hajiya. Mahaihina ne, shekarunshi sun kusa 70. Ya yi tarin huka tun lokacin da shina zuwa bida Abijan, ya sha magani ya warke amma tari bai bar shi ba, ga taba da ya daɗe shina sha kahin ya bari. Watan jiya jiki ya tashi anka kwantar da shi kwana 12, da za a sallame mu dokta ya rubuta a sa mishi oksijen a gida, lita 2 a minti, aƙalla awa 15 kullum. Yayana da ke waje ya aiko kuɗi munka sayi mashin. To Baba ƙarami ya zo ya ce wanga abu in mutum ya saba da shi huhu mutuwa yake, mu daina. Yanzu sai in haki ya taso muke sa mishi, mu murɗa har 5, in ya lafa mu cire. Shi ma Baba in baƙi sunka zo cire tiyon yake ya tura ƙarƙashin matashi. Ni ke jinya kuma ban san wa zan bi ba. Gaskiya ne yana raunana huhu? Ko zai ƙara mishi ƙarhi har ya rabu da shi?"

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da jinya, Allah ya ba Baba lahiya ya sa kaffara ne, yayanki kuma Allah ya saka mishi da alheri.

Amsar tambayoyinki biyu duka a'a ce. Oksijen ba ya kashe huhu, ba ya kuma ƙara mishi ƙarhi. Jini da zuciya da ƙwaƙwalwa yake ma aiki. Kuma in gaya miki gaskiya, abin da ya tada min hankali cikin saƙonki ba maganar Baba ƙarami ba ce, yadda kuke yi yanzu ne, a jira sai haki ya taso a murɗa har 5 in ya lafa a cire. Zan zo kanshi.

Iskar da ni da ke muke shaƙa, in kinka kasa ta kashi 100, kashi 21 kaɗai ne oksijen, sauran kusan duka wata iska ce da ake ce ma azot, shiga take ta hito ba abin da jiki ke yi da ita. Huhu mai lahiya 21 ɗin nan ya ishe shi har da saura. Na Baba kuwa tarin huka ya bar mishi tabo, taba ta zo ta ɓata ƴan ƙananan jakunkunan da iska ke ratsawa ta shiga jini, wurin ɗauka ya ragu. Kin san mara lahiyar da ludayi uku kaɗai yake iya sha ya ture ƙwarya? Ai ba ki dama mishi hura tsararo, da kauri kike yin ta ki zuba nono don ludayi ukun nan su riƙe shi. To aikin mashin ɗin kenan, ya ja iskar ɗaki ya tace ya yar da azot, ya turo wadda oksijen ɗinta ya haura 90 cikin 100 ta gauraya da wadda Baba ke shaƙa. Ban taɓa jin wanda hura mai kauri ta sa maƙogwaronshi ya manta haɗiya ba.

Ki lura kuma, mashin ɗin ba ya yi ma Baba lumfashi. Shi ke ja shi ke saki, da tiyo ko ba tiyo naman ƙirjinshi na aiki daidai yadda ya saba. Akwai wani mashin daban a ɗakin reyanimasiyon, wanda ake zura ma mutum bututu har maƙoshi mashin ya dinga hura mishi iska shi kuma shina kwance bai san inda yake ba, wannan kam in an daɗe naman lumfashi na yin rauni sai an bi a hankali wajen cirewa. Ina jin labarin wancan ne ya yaɗu cikin gari mutane sunka haɗa su wuri ɗaya. Ga kuma abin da ido ya saba gani: a asibitocinmu ba a cika sa ma mutum oksijen ba sai jiki ya yi tsanani, da ka ji an ce "an sa mishi oksijen" sai mata su fara kuka a bakin ƙofa, in Allah ya karɓi abinshi a ce ai tun da anka sa mishi abin nan bai sake tashi ba. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɓangaren masu ciwon ƙirji, na ji wanga zance ya hi a ƙirga. Ciwon ne ya kai su inda ya kai su, tiyon dai shi anka gani a huska. Shi ya sa ba na ganin laihin Baba ƙarami, tsoron rasa yayanshi ne ke magana.

Yanzu ga dalilin awa 15. In oksijen ya yi ƙaranci cikin jini, jijiyoyin jinin da ke cikin huhu tsukewa suke, sai ɓangaren dama na zuciya ya koma turin jini da ƙarhin tsiya ta hanyar da ta matse, yau da gobe wata da watanni sai zuciyar ta buɗe ta gaji, daga nan ki ga ƙafa ta fara kumbura, takalmi ya ƙi shiga, ciki ya ɗauki ruwa. Wanga ɓarna a ɓoye take tahiya, mafi yawa ma da dare lokacin barci da lumfashi ke raguwa kowa na kwance ba mai gani. Mutum na iya zama shiru ba haki alhali oksijen ɗin jininshi na ƙasa, wani kuma ya yi ta haki a auna a ga oksijen ɗinshi lahiya lau. Kenan haki ba shi ne ma'auni ba, ku kuma da shi kuke awo.

Ba daga kai likitoci sunka tsinko lambar 15 ɗin ba. A 1981 an hitar da sakamakon wani gwaji a Birtaniya kan masu toshewar hanyoyin lumfashi, wadda takardun asibitinmu ke rubutawa BPCO, waɗanda oksijen ɗin jininsu ya yi ƙasa ƙwarai. Cikin 42 da anka ba oksijen awa 15 a rana 19 sunka rasu cikin shekara 5, cikin 45 da ba a ba ba 30 sunka rasu. Shekara ɗaya kahin nan, 1980, a Amurka da Kanada an gwada masu sawa da dare kaɗai da masu sawa kusan dare da rana, mutuwa cikin na daren ta kusa ninka ta ɗayan. Rai na hannun Allah, amma sababi kenan, kuma sababin cikin yawan awowi yake. Minti 20 lokacin haki ba ya cikin lissahin nan ko kaɗan. Akwai ma wani babban gwajin na 2016 da ya nuna waɗanda nasu ya ɗan sauka kaɗan kawai ba su ƙaru da komi ba, shi ya sa ba kowane mai tari ake rubuta ma ba, sai wanda awon oksijen ɗin jininshi ya nuna 88 cikin 100 ko ƙasa da haka shina zaune cikin hutu. In dokta ya rubuta ma Baba, to ya ga lambar da ta sa.

Sai murɗawa har 5. Don Allah daga yau a daina. Masu irin huhun Baba wasunsu ba su iya hitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ke yi yadda ya kamata, gaz karbonik kenan, in anka cika musu oksijen sai ita ta taru cikin jini. Abin da ke ruɗin mutane shi ne mara lahiyar sai ya yi shiru ya kama barci, ƴan gida su ce alhamdulillahi ya samu sauƙi ku bar shi ya huta, alhali suma ce ke tahowa. Yawan barcin rana, ciwon kai da sahe, magana ba kan gado, kiran sunan wanda ba ya nan, in kinka ga waɗannan asibiti za a nuha ba jira. Lita 2 anka rubuta, ki samu ɗan salatif ki manna daidai wurin 2 ɗin ko ki sa alama da biro, kowa ya sani ba a wuce nan sai da izinin dokta.

In ba ku da ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta auna oksijen ɗin jini, ku nema a farmasi, ita ce idonku. Ga masu irin wanga ciwo yawanci 88 zuwa 92 ake nema, kar ki ce sai ya kai 98 irin naki, amma ki sa doktanshi ya rubuta miki lambar da yake so ga Baba a bayan ordonans. Hannu ya zama da ɗumi, ya zauna ya huta minti biyar, ki bari lambar ta tsaya kahin ki karanta. Ita ma ba a ba ta amana duka, wani bincike na 2020 a Amurka ya nuna takan nuna lamba sama da gaskiya ga masu baƙar fata irinmu, don haka in ta ce 91 amma kin ga harshe da cikin leɓe sun yi duhu ko Baba ya rikice, idonki za ki bi. Baƙin lalle da jan farce ma na ruɗa ta, in za ki gwada a yatsanki ne.

Awa 15 na da nauyin ji amma lissafa ki gani. Daga bayan isha'i zuwa ƙarhe 7 na sahe kin samu 10 da wani abu shina barci ma. Hutun bayan azahar zuwa la'asar awa 2. Hantsi in shina sauraren rediyo wasu 3. Shi kenan ta cika. Alwala da cin abinci da wanka ba su ɓata komi, ana kuma samun dogon tiyo da zai kai shi har ƙofar ɗaki ko inuwar tsakar gida ba sai an ja mashin ba. Salla kuwa a zaune da tiyonshi a hanci in tsayuwa na ba shi wahala.

In haki ya taso kuma lamba ba ta faɗi ba, ga abin yi maimakon murɗa mashin. Ya zauna ya ɗan duƙo gaba ya dafa gwiwoyi, ki sa mahuci ko ƙaramin bantilater iska na bugun huskarshi, wanga kaɗai na rage jin sarƙewar. Ya ja iska ta hanci shina ƙirga biyu, ya sake ta a hankali ta tsukakken baki shina ƙirga huɗu, kamar mai hura koko mai zahi. Ya koyi wanga lokacin da yake lahiya lau don ranar haki jiki ya riga ya sani. In an rubuta mishi abin shaƙa na fesawa a baki, ki sa ma'aikacin asibiti ya kalli yadda yake shaƙar, tsofaffi da yawa a harshe suke fesa shi ya tsaya nan.

Ƙarhin da kike nema ma Baba, a ƙafa yake. Tabon huhu ba ya gogewa, wannan sai haƙuri, amma abin da ke kwantar da irin su Baba shi ne tsoron haki ya sa su daina motsi, naman cinya ya zube, naman da ya zube kuma ya hi cin iska in an tashi, sai haki ya ƙaru sai a ƙara kwanciya, ana nan har zuwa bayi ya gagara. Ku kuma da tausayi kuna ƙara mishi, "Baba zauna a kawo maka", buta ma ba a bari ya ɗauka. A nan ne oksijen ke da rana, yana ba shi sararin da zai taka. Ya tashi daga kujera ya zauna sau biyar, ya huta, ya sake. Ya zaga tsakar gida minti biyar sahe da marece lokacin da ba rana, bayan sati a ƙara minti biyu. Ɗan haki lokacin tahiya ba laihi ba ne muddin shina iya magana, amma ciwon ƙirji ko jiri a tsaya. Ki tambayi dokta lita nawa zai sa in shina tahiya don wani lokaci ba ɗaya ba ne da na zama. Abinci kuma kaɗan kaɗan sau da yawa, wake, ƙwai, nono, ɗan nama, don cika ciki da tuwo na tokare ƙirji, kuma shi wahalar lumfashin kanta cin jiki take.

Maganar wuta ba zan taƙaita ta ba. Oksijen shi kanshi ba ya kamawa, amma duk abin da ya jiƙa da shi, gemu, rawani, bargo, katifa, in wuta ta taɓa ci yake kamar an zuba esansi. Na taɓa karɓar wani dattijo da anka kawo da dare, jikokinshi ne ke dafa shayi a gindin gadonshi ya duƙa zai gyara musu gawayi da tiyo a hanci, gemun nan da gashin baki duk sunka tahi, robar ta narke ta manne mishi a leɓe. Ya rayu amma har yau in na ji warin roba na ƙonewa shi nike tunawa. Kenan ba taba, ba mai shan taba a ɗakin ko baƙo ne ko wa, ba kaskon turare, ba garwashin jin ɗumi in sanyin Disamba da Janairu ya shigo, ba maganin sauro mai hayaƙi, a ɗaura gidan sauro. Murhu da butel ɗin gaz su yi nisa aƙalla mita 3. Hayaƙin itacen girki ma kar ya dinga shiga mishi ɗaki, shi ma cin huhu yake kamar taba. Sai abin da kusan kowa ke mantawa: in hunturu ya busar da hanci hannu na zuwa ga baselin ko man kaɗe ko mantaleta, to duk mai maiƙo ba ya haɗuwa da oksijen, ki nemi ruwan gishiri na ɗigawa a hanci ko jel mai ruwa a farmasi.

Ƙurar Tahoua kuwa ke kin hi ni sani. Akwai ɗan soso a baya ko gehen mashin, a cire a wanke a bari ya bushe sarai kahin a maida, sau ɗaya a sati, lokacin hazo ma sau biyu. Kar a matse mashin jikin bango ko a lulluɓe shi da zane wai don ƙura, iska yake so. In akwai ɗan gorar ruwa a jiki, ruwa mai tsabta da anka tace ko anka tafasa ya huce, a canza kullum. Yawancin masu lita 5 na cin wat 300 zuwa 400, awa 15 kenan wajen kilowat 4 da rabi zuwa 6 kullum, ku gaya ma yayanki ya san da wanga cikin lissahi tun yanzu, kuma ƙaramin pano na caza telefon da kunna hitila ba ya ɗaukar shi. In watan Afrilu da Mayu sunka zo zahi ya haura 40 wuta na zuwa tana tahiya, ba a fafe gora ranar tahiya, ku tanadi butel ɗin oksijen na asibiti guda a tsaye a ɗaure a inuwa, ba na masu walda ba. In grup za a tayar, a waje nesa da taga, hayaƙinshi na kisa ba a ji ba a gani. Ki kuma kai ma dokta hoton mashin ɗin da takardarshi ya duba, don akwai ƙananan da ake saidawa masu araha da in anka ƙara lita oksijen ɗinsu faɗuwa yake ƙasa sosai, sai iska kawai.

Baba ƙarami kuma kar ki yi gardama da shi, ke ɗiya ce, ko kin hi shi gaskiya ba zai karɓa daga bakinki ba gaban mutane. Ranar komawa asibiti ki roƙe shi ya raka ku, ki ce Baba ku ne babba ku ya kamata ku ji bayanin dokta, ya yi tambayarshi da bakinshi. Kahin ranar ma in ya zo gaisuwa ki maƙala na'urar a yatsan Baba ki miƙa mishi ya riƙe hannun, ya ga lamba ba tiyo, a sa tiyo a jira minti goma ya sake gani. Gani ya kori ji. In ya gamsu ki ba shi aikin hana baƙi shan taba da hana yara taɓa mashin, za ki ga ya hi kowa tsanani. Shi ma Baba kunya ce ke sa shi ɓoye tiyo, mutumin da ya yi ƙarhi ya ci ƙasashe ba ya so abokai su gan shi da igiya a hanci. Ki ƙyale shi ya cire na ɗan lokacin gaisuwa in lambarshi na riƙewa, ki cike awowin daga baya, da kanshi zai gaji da ɓoyon ranar da ya ga hira ta hi daɗi in ba ya tsayawa neman iska tsakiyar magana.

Ko zai rabu da shi? Mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Da yawa waɗanda anka sallama da oksijen bayan jiki ya tashi, in sunka murmure bayan wata 2 ko 3 aka sake awo sai a ga ba su bukata kuma, shi ya sa komawa awon nan dole ne ko da Baba ya ce ya ji sauƙi. In kuma tabon ya yi yawa zai ci gaba da shi, kuma ba mashin ne ya jawo ba, ciwon ne tun asali. Dokta ne zai rage ko ya cire, ba taron dangi ba. In zazzaɓi ya shigo, ko majina ta canza launi ta ƙaru, ko ƙafa ta kumbura, ko lamba ta tsaya ƙasa da 88 alhali tiyo na hanci, ku tahi ranar. Jini cikin tari, rama da zufar dare kuma a sake gwajin majina, tarin huka na iya dawowa.

Ki samu ɗan kaye ki dinga rubuta lambar sahe da ta dare da awowin da ya yi, shi za ki miƙa ma dokta, ki turo min hotonshi ni ma bayan sati biyu in gani. Ke ma ki samu wanda zai karɓe ki kwana ɗaya ɗaya ki yi barci. Ki gaida Baba da jiki, ki gaida Baba ƙarami.